Itacen da Bai Wuce Gwiwa Ba

Da maigidana ya rasu, gidanmu na Kafanchan ya cika har wasu suka zauna a bakin hanya. Matan zumunta sun zo da tulunansu na kiɗa, suka yi waƙa har muryoyinsu suka dushe. Tsofaffin ma'aikatan reluwe sun zo cikin kwat ɗinsu da suka koɗe, suka jeru a kan benci. Danginsa sun taso daga gindin dutsen Kagoro da acca da itacen girki. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ce mini, "Mama, sannu da haƙuri. Allah ya ji ƙan Baba." In ce amin. Daga nan sai ya waiwaya bakin ƙofa, ya rage murya, ya ce, "To, ina itacen?"

Ba wanda ya tambayi gonarsa, ba wanda ya tambayi kekensa. Itacen kawai. Wani tsohon mai ba jirgi hannu, wanda ko a bakin kabari bai zubar da hawaye ba, da ya ga dutsen da ake ɗora kaskon itacen a kai ba komai, sai ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Ni a kwanakin nan ban san inda kaina yake ba. Sai daga baya na ji abin da ya faru. A wurinmu, in mutum ya mutu, ana tattara kayansa duka a ɗakinsa a rufe, ba mai taɓawa sai dangi sun zauna. Ƙannensa mata suka bi al'ada. Suka kwashe takalmansa da sandarsa da fartanyarsa, suka ɗauki itacen ma suka shigar, suka lulluɓe shi da bargonsa don girmamawa. Ɗaya daga cikinsu, mai tausayi, ta ga ƙasar kaskon tsakuwa ce zalla, ta ce ashe yunwa ce ta hana shi girma. Ta cika shi da kashin shanu, tana leƙawa tana zuba masa ruwa safe da yamma. Ba mugunta ba ce. Manoma ne, abin da suka sani ke nan. Ranar da aka buɗe ɗakin, itacen ya yi rawaya, ganye na zuba in ka hura masa iska. A zaman dangin kuwa ƙanin maigidana ya ce da zarar ruwa ya sauka zai zo ya ɗauke shi, ya dasa a kan kabarin yayansa.

Ni ban yi makaranta ba, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Hausa ma ba yaren uwata ba ce, amma da ita muke sujada, da ita kuma jikokina na Kaduna za su ji. Su tsoho mai tari kawai suka sani. Ina so su san mutumin.

Itacen irin waɗannan ne da Turawa suka jera a bakin tasha da gidajen mishan, dogaye, masu ganye kamar zaren da aka tsefe, waɗanda ke yin fito in iska ta bi ta cikinsu. Turawa na da sunan da suke kiransa, harshena bai taɓa iya juya shi ba. Mu a gida mai-fito muke ce masa. Na bakin tasha sun fi rufin majami'a tsawo. Na maigidana ya kusa shekara talatin a duniya, bai wuce gwiwata ba. Amma in ka tsuguna ka dube shi daga ƙasa, sai ka ga tsohon itace sosai. Gindinsa ya kai kaurin damtsen namiji, ɓawonsa ya tsattsage kamar diddigen manomi. Ya kwanta gefe ɗaya kamar zai faɗi, sannan ya ɗago kai.

Ina goye da ɗanmu na fari aka ɗauke shi soja, aka kai shi yaƙin Boma. Waɗanda suka dawo tare da shi, in suka sha burkutu, sai su yi ta ba da labarin daji da bindiga. Shi bai taɓa ba. Abu ɗaya ya gaya mini. Ya ce da aka daina harbi, an sa shi gadin sojojin Japan da aka kama. A cikinsu akwai wani mai furfura da ke da ɗan itace a gwangwanin abinci. In aka ba shi ruwan sha, sai ya sha rabi ya ba itacen rabi. Maigidana ya zaci magani ne. Ba su da yare ɗaya, sai mutumin ya riƙa nuna masa da hannu ta cikin shingen waya: ga yadda ake lanƙwasa reshe da zare, ga yadda ake tsinke kan ganye da farce. Ran nan motoci suka zo suka kwashe su.

Na ce, "Ya tafi da gwangwanin?"

Ya ce, "A cikin rigarsa ya sa."

Na ce, "Duk shekarun da ka yi a can, abin da ka gani ke nan?"

Ya ce, "Abin da nake so in tuna ke nan."

Ban sake tambayarsa ba.

Da ya sami aikin kula da itatuwan tasha, sai ya tsinci ɗan tsiro a gindin manyan, ya kawo gida a cikin hularsa. Ya je wurin wata mai ginin tukwane a kasuwa, ya ce ta yi masa kasko mai faɗi, marar zurfi, da huji a ƙasa. Matar ta dube shi ta ce, "Kasko kake so ko madambaci? Ka zaɓi ɗaya, kada ka ɓata mini suna." Ya ce duka biyun. Ta ce dambun me zai yi. Ya ce na itace. Tun daga ranar har ta tsufa, duk inda ta hango shi sai ta ɗaga murya, "Mai dambu! Ya nuna, ko da saura?" Shi kuma ya ce, "Da saura kaɗan." Ta zo ta'aziyya a kan sanda. Ta riƙe hannuna kawai.

Mun yi faɗa a kan itacen nan fiye da yadda muka yi a kan 'ya'ya. Yakan samo tsohuwar wayar tangaraho da aka yar, ya cusa ta a murhuna har ta yi ja, ya bar ta ta huce don ta yi laushi. Ba ya duba ko tuwo na kan wuta. Sai ya naɗe reshe da ita, ya danna da babban yatsa kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba ya gani, ya bari sai wani watan ya ƙara. Ganyen kuwa ba ya sa masa almakashi, ya ce bakin yakan ƙone. Da yatsa yake tsinke shi a gaɓa, ɗaya bayan ɗaya. In ruwan farko ya sauka sai ya zare shi daga kasko gaba ɗaya, ya tsefe saiwar da tsinke, ya rage ta da aska, ya mayar cikin sabuwar tsakuwar rafi. Ni ce mai riƙe masa wuyan itacen, ina riƙewa ina mita.

Wata rana na ce, "Kai mutumin nan, wannan zalunci ne. Allah ya yi itace don ya yi tsawo, kai ka ɗaure shi kamar ɓarawo."

Ya ce, "Uwar yara, ranar Asabar za mu gida."

Muka je Kagoro, ya sa ni hawan dutse. Can sama ya nuna mini wani itace da ya fito daga tsagar dutse, gajere, a murɗe, saiwarsa ta kama dutsen kamar yatsu. Ya ce, "Wa ya ɗaure wannan? Ya girmi kakanki. Ƙasar da ya samu ba ta cika tafin hannu ba, ga shi nan bai mutu ba. Ni shi nake kwaikwayo."

Na ce, "Don wannan ka hawar da ni dutse da tsohon ciki?"

Ya yi dariya har ya zauna. A saukowa shi ya riƙe ni, yana tafiya da baya a gabana.

Yakan tsaya da aska a hannu yana kallon reshe ɗaya har kunu ya huce, sai ya ninke askar ya ce, "Bari sai gobe. In na yanke ba ya komawa." Haka yake da mutane. Lokacin da babban ɗanmu ya ce ya bar makaranta, na ɗauko tsumagiya, kawunsa ya ce a kore shi gona. Uban ya ce, "Bari sai gobe." Goben nan ta yi wata guda. Bai yi masa faɗa ba, sai dai kullum ya tashe shi su tafi tasha tare, ya ba shi gwangwanin ban ruwa. Yaron da kansa ya nemo allonsa. Yau shi ne akawu a Kaduna.

Da can a bayan gida yake ajiye itacen, kusa da rumbu. Sai magana ta fara yawo cewa yana da tsafi. Ba na ganin laifin masu faɗa. Iyayenmu suna da wuraren da suke zuba abu a gindin itace, kuma ga mutum yana ɗaure reshe, yana tsugunawa, bakinsa na motsi. Wata rana da yamma Fasto ya zo da dattawan ikilisiya biyu. Na shimfiɗa musu tabarma, aka kawo kaskon tsakiya kamar mai laifi.

Babban dattijon ya ce, "Ɗan'uwa, me kake zuba masa?"

"Ruwa."

"Ruwa kawai?"

"Wani lokaci da ɗan kashin akuya da na jiƙa."

"An ce kana yi masa magana."

"Ina yi."

"Yana amsawa?"

Maigidana ya ce, "Da yana amsawa da na daina. Ina da mai amsawa a gida." Ya nuna ni da haɓa.

Fasto ya yi dariya har ya share ido. Dattijon bai yi ba. Aka tashi a kan cewa ya fito da shi bakin ƙofa, inda kowa zai gani. Ya yi biyayya, amma abin ya ci masa rai. Ya ce mini, "Ni da na ɗauki duwatsun ginin majami'ar nan a kaina." Damina guda yana zama a bencin baya, ba ya buɗe baki a waƙa. Sai ga itacen ya yi kore shar, don rana ta fi samunsa a gaba. Ran nan ya dube shi ya ce, "Dattijon nan ya yi mini alheri bai sani ba." Lahadi ta zagayo ya koma wurin zamansa. Da dattijon ya kwanta ciwo, maigidana ne ke kai shi asibiti a bayan keke.

A shekarun tashin hankali, maƙwabcinmu, direban jirgi mutumin gabas, ya gudu da iyalinsa ya bar lemunsa a tsakar gida. Duk rani maigidana na ɗibar ruwa yana tsallaka katanga. Na ce masa wa ya sani ko suna da rai. Ya ce, "Lemun dai yana da rai." Bayan yaƙin basasa mutumin bai dawo ba, ɗansa ne ya zo. Maigidana ya cika masa buhu da lemu, ya ɗaure bakin, ya kai masa har cikin jirgi, ya ce ya kai wa uwarsa.

Ya bar aiki a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Daga nan sai shi da itacensa a bakin ƙofa. Idona ya fara yin hazo a lokacin. Da ya lura ina kallon kaskon ba na ganin komai sai duhu-duhu, sai ya riƙa kama yatsuna yana bi da su a kan rassan. "Ji nan. Wannan na lanƙwasa shekarar da aka haifi autarmu. Wannan tabon kuskurena ne, na yi gaggawa." In an zare saiwa ma sai ya sa hannuna a ciki, ya ce mai tauri mai rai ce, mai laushi kamar dafaffen rogo ta mutu. Ina cewa, "Sake ni, ina da aiki." Amma ba na janyewa.

Tarin ya kama shi bara. Da ruwa ya sauka bai iya ɗaga kaskon ba, ya ce a bari sai baɗi. Baɗin ta zo, shi ba ya nan.

Ruwan farko na bana ya sauka, washegari da hantsi sai ga ƙaninsa da fartanya a kafaɗa da buhu a hannu. Tsakanina da shi akwai wasa tun ina amarya. Tun daga ƙofa ya ce, "Matarmu, na zo belin ɗan kurkukun yayana."

Na ce, "Zauna ka sha kunu, bakinka ya huta."

Ya sha, ya goge baki, ya daina wasa. Ya ce, "Ki saurare ni. Kabari na bukatar abin da zai nuna shi, kin san haka muke yi. Itacen nan kuma dube shi, ya yi rawaya kamar mai shawara. In na sa shi a ƙasa, kafin damina biyu ya yi wa Yaya inuwa. A hannunki mutuwa zai yi. Idonki ba ya gani, hannunki na rawa. Ɗanki na Kaduna ma ya yarda."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ce, "Na san zai rayu a ƙasa. Amma zai miƙe ya zama kamar na bakin tasha. Duk inda hannun yayanka ya taɓa zai shafe. Wanda ya zo zai ga itace, ba zai ga aikinsa ba."

Ya ce, "Ke da kika shekara talatin kina ce masa azzalumi?"

Na ce, "Da shi nake faɗana, ba da kai ba."

Na jawo kaskon tsakanin ƙafafuna, na kwantar da shi yadda ake yi, na zare itacen. Wani wari ya taso, na ruɓa. Na sa yatsa ina lalube, nan laushi, nan laushi, har na fara cewa a raina ya ƙare. Can ciki sai na ji masu tauri. Na ɗauki askar, amma hannuna ya ƙi tsayawa, bakin askar na bugun gefen kasko.

Ya ce, "Kawo nan kafin ki yanke yatsa a ce ni ne." Ya tsuguna ya karɓa. "To, nuna mini."

Ina kama saiwa in ce wannan, shi ya yanke. In ya kai hannu ga mai kauri sai in buge shi. Ya ce ko kaciya ba a yi wa mutum wannan tsawa. Muka wanke ruɓar da kashin shanun duka. Da saiwar ta fito fes, sai na ji ya ajiye askar. Ya ce, "Matarmu, kin san yadda take? A shimfiɗe take, ko'ina daidai, kamar tabarmar da aka saƙa. Har inda ba mai gani Yaya ya yi aiki." Na ji yana jan hanci. Na ce masa tsakuwa na bayan rumbu, ya je ya ɗebo.

Da muka mayar da shi muka kai inuwa, na ce, "Ga maganata. Ka dasa tsiron ƙerana a kan kabarin yadda aka saba. Wannan ka bar mini muddin ina numfashi. Ranar da kuka kwantar da ni kusa da shi, ka fasa kaskon, ka dasa shi a tsakaninmu. Ya yi tsawon da yake so."

Ya ce, "In ya mutu kafin ke fa?"

Na ce, "To ya mutu a gida."

Ya ninke buhunsa ba komai a ciki, ya saɓa fartanya. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ki daɗe, matarmu. Ni ba na gaggawa."

Yanzu itacen na nan. Ya zubar da fiye da rabin ganyensa, rassan sama biyu sun bushe. 'Yata ta ce tana ganin ɗan kore a reshen ƙasa, ni ma na shafa na ji wani abu mai laushi, amma ban sani ba tukuna. A kan reshen nan akwai wayar da ya naɗa ta ƙarshe, yana tari yana naɗawa. In reshen ya rayu zai yi kauri, wayar za ta ci cikin ɓawo, dole a kwance ta kafin ƙarshen damina. Ba na so in kwance. Ina zama in bi ta da yatsa, zagaye bayan zagaye, ina jin inda ya tsaya ya huta.

Allah ya ji ƙan maigidana, ya ba shi hutu a wurinsa. Tun ranar da aka binne shi nake roƙon Ubangiji ya ɗauke ni in bi shi. Yanzu na ce ya ɗan dakata mini. Ba wanda zai kwance wayar nan sai ni.